A Kan Hannun Riga

Matakala ɗari da sittin da biyu ne
daga ƙofarmu zuwa bakin teku.
Clorinda ta taka su shekara arba'in
da kwandon burodi a hannu,
har ranar da gwiwarta ta ce ta gaji.
A Valparaíso, wanda ba shi da gwiwa
fursuna ne a kan tudunsa.

Likitoci suka yanka, suka sa mata ta ƙarfe,
suka ce wata uku ki koma kasuwa.
Na yarda. Ni mai gyaran agogo ne,
ƙarfe bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Wata uku ya wuce, ya jawo na huɗu.
Gwiwa ta tashi kamar kullun da ya kwana,
fata ta yi ja, ƙuraje suka feso
masu ruwa, masu ƙaiƙayi.
Cikin dare nakan ji farcenta
yana kai da komowa ƙarƙashin bargo
kamar ɓera a buhun masara.

Aka ɗebi jini, aka zuƙi ruwan gwiwa,
babu ƙwayar cuta.
Hoto ya nuna ƙarfe na zaune daram.
Wani matashin likita ya dube ta ta saman tabarau,
ya ce wani ciwon a tunani yake kwana.
Ta dawo gida ba ta ce uffan ba,
ta juya fuska ga bango.

Wata Laraba ina buɗe cikin wani tsohon agogo
sai hannuna ya tsaya.
Na tuna kyautata ta farko gare ta,
tun ba mu da ko kujera biyu:
agogon hannu mai bayan ƙarfe,
wata biyar na yi ina tara kuɗinsa.
Kullum a kan hannun riga take ɗaura shi.
Na ɗauka yayin 'yan matan tudu ne,
ban taɓa tambaya ba.

Na hau matakala ina haki.
"Clorinda, me ya sa a kan riga?"
Ta yi dariyar da ta daɗe da ɓata:
"Yana cina, Evaristo.
Kwana ɗaya ya yi a fatata
ya bar mini zobe ja kamar ƙuna.
'Yan kunnen yayata ma haka.
Ban so ka ji kunya ba."

Likita Arancibia ta saurara har ƙarshe,
ba ta duba agogonta ko sau ɗaya ba, na lura.
Ta manna wa bayan Clorinda ɗigo-ɗigo a jere,
kowanne da sunan ƙarfensa,
ta ce kada ruwa ya taɓa, ku dawo jibi.
Da ta ɓare, duk suka yi shiru
sai guda ɗaya da ya tashi jawur: nikel.

Ta ce, "Ba zan rantse muku ba.
Fata daban, cikin gaɓa daban,
da yawa na yawo da irinsa lafiya lau.
Amma jikin da ya ƙi baƙo a ƙofa
yana iya ƙin sa a ɗaka."

Aka sake yanka, aka sallami baƙon,
aka kawo wani wanda babu nikel a cikinsa.
Na roƙi tsohon, suka hana ni.
Na so in kwantar da shi a teburin aikina,
in sa madubin ido ɗaya, in nemo laifinsa.
Clorinda ta ce, "Ba shi da laifi.
Gwiwar kirki ce, a jikin wata."

Yau ta sauka matakala talatin da ɗaya
ta zauna, iskar teku na wasa da furfurarta.
Ban san nawa za ta taka gobe ba.
Agogon kuwa, na ɗinke masa baya da fata mai laushi
yadda ƙarfe ba zai ƙara taɓa ta ba.
Yana hannunta yanzu, yana tafiya daidai,
a kan riga.
Na nuna mata da ido.
Ta ce, "Sabo turken wawa. Taimake ni in tashi."